Tulun Gawayi a Gonar Malami

Ƙaura Namoda,
22 ga Maris, 2000.

Zuwa ga Kaka Jaji, Birnin Tsaba.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan ka isa gida lafiya, an kuma yi Sallar Layya lafiya. Nan ƙalau muke, sai zafi da ya kunno kai, da aikin asibiti da ba ya ƙarewa.

Tsohon angona, ka zo asibitinmu ka tafi ban ko samu na ba ka fura ba, ka yafe mini. Tun da yayanka, kakana, ya rasu, kai kaɗai ka rage mini a tsofaffin gidanmu, don haka ka saurare ni. Jininka ya hau sosai. Ƙwayar da na ba ka, ɗaya kullum da safe, ko kana jin lafiya ko ba ka ji. Ka rage gishiri, ka rage goro. Hawan jini ba zuciya kaɗai yake taɓawa ba, yana cin ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa a hankali, mutum bai sani ba.

Akwai abin da ban faɗa maka a gaban mutane ba. Tambayoyin da na yi maka ina duban agogo ba wasan jika da kaka ba ne, gwaji ne da aka koya mana. Na tambaye ka a wace jiha muke, ka yi shiru har na ƙosa, sannan ka ce Sakkwato, alhali shekara ta huɗu ke nan da aka ba mu Zamfara. Na ce ka lissafo mini dabbobi cikin minti ɗaya, huɗu kacal ka kawo. Ɗaliban da ke zuwa mana daga makaranta, dabbobi ashirin suke zubowa. Na rubuta a katinka cewa akwai alamar ruɗewar tsufa, a sake dubawa.

Katin yana hannun Abbati direba da ya kawo ka. Haka muke yi, ɗan rakiya ake ba kati kada tsoho ya yar.

Jikarka,
Zuhura.

*

Birnin Tsaba,
6 ga watan Cika-ciki.

Zuwa ga jikata Zuhura, amaryar da ba ta taɓa dafa mini ko ruwan zafi ba.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Takardarki ta iso, Abbati ya miƙo mini ita ta tagar mota bai ko kashe inji ba. Kowa sauri yake yi yanzu, ban san wa ke kiransu ba. Ƙwaya ina sha. Gishiri an rage har miya ta zama ruwan wanke kwano. Goro kuwa ki bar ni da shi, mun daɗe tare.

Wagga takarda kwana shida nake rubuta ta. Bokona na ajin yaƙi da jahilci ne, hannun kuma ya tsufa, layi uku nake yi in huta.

Kin ce dabbobi huɗu na kawo. To ai ke ce ba ki ga abin da ya faru ba. Da na ce jaki, sai ga jakina Ɗan Fari ya shigo ɗakin nan naku mai warin magani, da kunnensa guda da ya tsage. Shekara arba'in rabona da shi. Nan take muka kama hanyar kasuwar Shinkafi da sassafe, buhunan gero a bayansa, raɓa ta jiƙe mana ƙafafu, hayaƙin ƙauyuka yana kwance bisa gonaki bai tashi ba. Yaya zan bar shi tsaye in wuce wurin akuya ban ko shafa wuyansa ba? Ina cikin haka kika ce lokaci ya cika.

Kwanakin nan zafi yana sa gari ya yi tsit da rana, har ka ji ƙarar ganye guda in ya faɗo. Jiya bayan azahar na tafi gonar abokina Malami. Mun zauna ni da shi ƙarƙashin kukar nan ta gefen fadama har la'asar, muna kallon inuwa tana tafiya. Bai ce komai ba, dama can ba mai yawan magana ba ne. Akwai maganar Safiya, matar ɗansa marigayi Aliyu, da za a je kotu a Zurmi a kanta. Zan ba ki labari in na samu fili, ga Abbati can yana danna hon a ƙofar gida.

Kakanki,
Jaji.

*

Ƙaura Namoda,
17 ga Afrilu, 2000.

Kaka,

Ina gaisuwa, da fatan jiki da sauƙi. Takardarka ta same ni, na yi dariya a kan Ɗan Fari, amma da na kai ƙarshe dariyar ta koma ciki. Kaka, Baba Malami ya rasu shekara tara ke nan. Ni kaina na je gaisuwar. Da wa ka zauna ƙarƙashin kuka? Na karanta layin nan ya fi sau goma ko zan ga wasa a ciki, ban gani ba. Sai da na shiga ɗakin ajiye magani na yi kuka.

Don Allah kada ka sake fita gona kai kaɗai, musamman da tsakar rana. Na ga tsofaffin da suka fita haka aka tsince su a wani ƙauye ba su san hanyar gida ba.

Abbati ya biyo shekaranjiya da katinka. Ya ce dangi na son su san halin da kake ciki don a riƙa kula da kai, amma wasu ba su yarda rubutun asibiti ba ne tunda babu hatimi. Na sa hannu, na kai ofis aka buga masa hatimi. Allah ya saka masa, ya damu da kai ƙwarai.

Ka ba ni amsa da wuri.

Zuhura.

*

Ƙaura Namoda,
9 ga Mayu, 2000.

Kaka,

Gaisuwa. Sati uku ke nan shiru. Kullum na tashi aiki sai na bi ta tasha, Abbati ya daina tsayawa inda ya saba, sauran direbobin kuma sun ce ba a ba su komai ba. Ko rubutun ma ya gagara ne? In haka ne ka sa wani ya rubuto mini ko layi biyu. Hankalina ba ya jikina.

Zuhura.

*

Birnin Tsaba,
23 ga watan Cika-ciki.

Zuhura,

Lafiya muke. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da doguwa.

Wagga takarda ba ta hannun Abbati za ta zo ba. Wani mai sayen awaki zan ba, sai ya ci kasuwar Shinkafi sannan ya gangaro Ƙaura, in ta daɗe a hanya ki san dalili.

Bari ki ji abin da katinki ya yi. Shekara ashirin da shida da suka wuce Malami ya raba gonarsa tsakanin 'ya'yansa biyu, Aliyu da Abbati, tun yana da ƙarfinsa. Aliyu ya samu gefen fadama, inda ƙasa ke riƙe laima. Mu uku muka yi iyakar, ni da Malami da liman na wancan lokaci. Muka dasa gamba a layi, muka kuma binne tulu cike da gawayi a kusurwa, don gamba wuta na cinye ta, gawayi kuwa ƙasa ba ta cinsa. Haka iyayenmu ke yi. Malami ya tafi, liman ya tafi, Aliyu ya bi su bara, ya bar Safiya da marayu huɗu. Gambar ta ƙone tuntuni. Yanzu Abbati ya ce iyaka tana wurin aduwa, wato fadamar duk tasa ce. In haka ta tabbata, abin da zai rage wa Safiya tudu ne da ko gyaɗa ba ya yi. Ni kaɗai na rage mai shaida.

Ranar Litinin muka je Zurmi. Tun da aka fara aiki da shari'ar Musulunci a jihar nan kotu cike take, kowa ya tono tsohuwar maganar gadonsa ya kawo. Alƙali ya tambaye ni inda iyaka take. Ina tattara maganar a kaina, sai Abbati ya miƙe ya ba da kati mai hatimi. Aka karanta a gaban jama'a cewa Jaji ya ruɗe, bai san jihar da yake ba, kuma jikarsa ce ta rubuta da hannunta. Na ji wani ya yi dariya a baya. Safiya ta sunkuyar da kai cikin hijabinta. Shekara hamsin ana kirana rabon gona daga nan har Banga, ba a taɓa mayar mini da magana ba. Raina ya ɓaci, Zuhura, kuma da ke ya ɓaci.

Alƙali bai yi gaggawa ba, Allah ya yi masa albarka. Ya ce shaida sai mai cikakken hankali, ya ɗaga zama zuwa ƙarshen Safar. Ruwa kuwa ba zai jira kowa ba, wanda ya riga shuka a fadamar nan ya kafa ƙafa.

Na san Malami ya mutu. Ni na shiga kabari na karɓe shi. Amma in ina son tuna inda muka haƙa rami, da wa zan zauna in ba da wanda muka haƙa tare ba? Nakan je in zauna inda muka zauna, in bar ranar nan ta dawo da kanta. Sai in ga rigarsa mai shuɗi, in ji ƙamshin ƙasa da ke jiran ruwa, in ji liman yana tari. Ku a asibiti mi kuke kiran wannan?

Batun jiha kuma, an haife ni ana cewa Lardin Sakkwato. Na ga Jihar Arewa, na ga Arewa maso Yamma, aka koma Sakkwato, duk ina zaune a gida ɗaya ban gusa ba. Ina tafe ina bin su ɗaya bayan ɗaya, na furta ta farko, alƙalaminki ya riga ni isa.

Ban ce ban yi nauyi ba. Da, kafin mutum ya rufe baki na ba shi amsa. Yanzu kaina ya zama kamar ramin da ake tonawa a rairayin gulbi da rani. Ruwan yana nan, sai dai a zauna a jira ya tsattsafo. Ke kika leƙa, kika ga rairayi, kika rubuta babu ruwa.

Jaji.

*

Ƙaura Namoda,
21 ga Mayu, 2000.

Kaka Jaji,

Ina gaishe ka, in har za ka amsa. Takardarka sai ranar Laraba ta iso, kwana goma sha tara tana yawo, har da warin awaki a jikinta. A tsaye na karanta ta a bakin ƙofar asibiti. Ban san akwai shari'a tsakanin Abbati da Safiya ba, amma wannan ba hujja ba ce. Katinka ne, kai ya kamata in ba. Na dubi furfurarka na miƙa wa wanda ke tsaye a bayanka. Ka yafe mini don girman Allah.

Washegari na kai wa babban likitanmu takardunka biyu. Shi ma dattijo ne, ya kusa ajiye aiki. Ya karanta a hankali, ya yi dariya a wurin jaki, sannan ya cire tabarau ya tambaye ni ko ruɗaɗɗen mutum zai iya jero sunayen jiha huɗu a kan tsari. Ya ce saurin kai daban, sani daban. Sauri yakan fara raguwa tun mutum yana da ƙuruciyarsa, kaɗan-kaɗan, amma abin da ya tara na sani da iya auna al'amari yakan zauna, wani ma ya ƙaru har tsufa, in ƙwaƙwalwa na da lafiya. Ya ce hawan jini da rashin barci da nauyin kunne duk suna ƙara wa tsoho jinkiri, shi ya sa maganinka ya zama dole. Abin da na auna da agogo sauri ne kawai, kuma gwaji ɗaya ba ya yanke wa mutum hukunci.

Ina fitowa na tuna kaina. Ina da shekara ashirin, sunayen magani hamsin nake haddacewa a zama ɗaya. Yanzu ina da talatin da huɗu, sababbin ɗalibai sun fi ni saurin kamawa nesa ba kusa ba. Amma ni daga ƙofa nake jin kukan jariri in san na yunwa ne ko na ciwo, su kuwa sai sun buɗe littafi. Ban taɓa rubuta wa kaina ruɗewa ba.

Likita ya rubuta takarda cewa abin da ke katin zato ne, ba hukunci ba. Ni da kaina na kai ta Zurmi, na kuma faɗa wa alƙali yadda aka yi hatimin ya hau. Ya saurare ni har na gama. Ya ce ba zai yi hukunci da takarda ba, ko ta farko ko ta biyu, zai fita gonar ya ga shaidar da idonsa.

Daga Zurmi na ga motar Birnin Tsaba tana lodi. Na tsaya kusa da ita har ta cika ta tashi. Kunya ce ta hana ni shiga.

Jikarka, in kana so,
Zuhura.

*

Birnin Tsaba,
4 ga watan Rabi'ul Awwal.

Zuwa ga amaryata Zuhura, mai tsoron motar garinsu.

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan kina lafiya. An yi ruwan farko ranar Lahadi, gari duk ƙamshin ƙasa. Takardunki sun iso, har da 'yar gajeruwar nan ta tasha. Na yafe miki tun kafin in kai ƙarshen layi, kuma wannan karon ban yi jinkiri ba.

Ranar Alhamis alƙali ya zo da mutanensa bayan azahar. Rabin gari ya biyo su. Safiya na can gefe da mata, Abbati ya ajiye motarsa a bakin hanya. Aka ce in nuna wuri. Na ce a zauna. Na je gindin kuka na shimfiɗa buzuna na zauna, don ranar da muka binne tulun Malami ya ce kada mu auna da taki, takin kowa daban ne. Ya ce mu jira kiran la'asar, inda kan inuwar kuka ya tsaya nan za mu haƙa. A irin wanga lokaci ne kuma, gab da ruwan farko.

Mutane suka fara gunaguni. Abbati ya ce a gani dai, ya manta, zama ya zo yi. Alƙali ya dube ni, ya dubi rana, sai ya tattara rigarsa ya zauna a ƙasa kusa da ni. Daga nan kowa ya nemi wuri. Ban taɓa ganin mutum ɗari sun zauna suna kallon inuwa ba. Tana tafiya bisa kunyoyin bara a hankali, ta hau wannan ta sauka, ta hau na gaba. Iska ta kwanta. Can gabas hadari ya yi gini fari tas. Na ji Malami a gefena kamar kullum, amma ban faɗa wa kowa ba, na koyi darasi.

Ladan ya kira la'asar daga gari. Na tashi na kafa sandata a kan inuwa. Muka yi salla a nan gonar, sannan aka kawo fartanya. Aka haƙa har gwiwa, aka haƙa har cinya. Babu komai sai jar ƙasa.

Zuhura, na ji tsoro. Na ce a raina, to ko yarinyar nan ta yi gaskiya? Abbati yana magana da ƙarfi, wasu sun fara kaɗe riguna. Na ji ana cewa Baba ya yi ƙoƙari, a bar shi ya huta. Safiya ba ta ɗago kai ba. Ni kuwa na tsaya ina kallon kukar, ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, an ce har wani ya je ya sha ruwa ya dawo. Ina duban reshen sama, sai na tuna a wancan lokaci daga inda nake tsaye ana hango kan tsaunin yamma ta bisa kukar. Yanzu ba a hango shi, reshe ya rufe. Ashe ba mu kaɗai muka tsufa ba. Itace ya ƙara tsawo, inuwarsa ta ƙara nisa, ga shi kuma mun haƙa a inda inuwar yau ta kai.

Na ce wa alƙali, "Allah ya gafarta malam, kukar ta girma. A koma baya wajen gindinta."

Na auna reshen da ido, na ja sandata baya taki huɗu. Ba a kai gwiwa ba fartanya ta yi ƙara. Bakin tulu ya fito, an rufe shi da fasasshen kasko kamar yadda muka bar shi. Alƙali ya sa hannu da kansa ya ɗebo gawayi, baƙi ƙirin, kamar jiya aka kashe wutar.

Abbati ya daɗe yana kallon ramin. Yana da shekara goma sha biyar aka yi rabon, ina jin ya gaskata maganar aduwarsa da gaske, ko da yake abin da ya yi da kati shi da Allah. Ya ce tulun na mahaifiyarsa ne, ya gane zanen wuyansa. Ranar Litinin Safiya ta shuka fadama, ita da 'ya'yanta.

Ga ɗan gawayi nan na naɗe miki a cikin takarda, ki ajiye kusa da agogonki.

Yanzu saura magana ɗaya, kuma ba ta wasa ba ce. Tsoron da na ji a bakin ramin farko bai sake ni ba. Wannan karon ruwan ya tsattsafo. Wata rana za a zauna a jira, ba zai zo ba, na sani, ke ma kin sani. Akwai gonaki arba'in da bakwai a kaina, da tulunansu, da itatuwansu, da waɗanda suka tsaya shaida, kuma babu wanda ya san su sai ni. In kin samu hutu ki zo da babban littafi. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya, ina faɗa kina rubutawa. Zai ɗauke mu kwanaki, don a kowace gona akwai wanda zan tsaya in gaisar. Agogon ki bar shi a Ƙaura.

Af, na kusa mantawa. Tambayar da kika yi mini a asibiti, ga amsarta: Zamfara. Wata uku ta ɗauke ni. Ki rubuta a kati, ki kawo mini shi a hannuna.

Kakanki,
Jaji.